Dodon koɗi a lambu: wanda za ka kwashe da wanda za ka ƙyale

Duk shekara in damina ta zauna, wajen Agusta ɗin nan da ƙasa ba ta samun bushewa, kukan masu lambu a bakin gulbi da na masu ɗan fangali a cikin gida iri ɗaya ne, an kwana salati lafiya lau an wayi gari ganye duk huji, wai dodon koɗi ya yi ɓarna. Kuma mutanenmu kashi biyu ne a kanshi. Akwai wanda da ya gan shi sai ya taka da takalmi ko ya watsa mai gishiri, akwai kuma mai cewa halittar Allah ce a bar shi ya ci rabonshi. Ni inda na tsaya bayan shekaru ina wannan aiki shi ne, irin da ke pepiniyar, wato wurin renon iri kafin dashe, da dashen da bai kama ƙasa ba ka tsare su da gaske, sauran lambun kuwa ka sassauta.

Amma kafin komi ka tabbata shi ne ɓarawon. Nan Maradi ƙasarmu ta fi bushewa bisa ga danshi, sau da yawa abin da ake ɗora ma dodon koɗi aikin tsutsa ne ko fara, musamman a shu. Ka duba da sassafe kafin rana ta ɗaga, in shi ne za ka ga wata hanya mai ƙyalli kamar an ja majina bisa ganye da ƙasa, hujin kuma ba shi da tsari don kankare ganyen yake da wani harshe mai ƙananan haƙora dubbai kamar magogi. Tsutsa ita baƙin kashi take bari a tsakiyar ganye, kuma in ka juya ganyen za ka same ta kwance. In har yanzu kana shakka to bayan sallar isha'i ka ɗauki cocila ka zaga fangalai, da dare yake fitowa, za ka kama shi bisa aiki. Akwai ɗan uwanshi marar katantanwa a baya, shi tsirara yake yawo, ya fi son wuri mai jiƙe kullum kamar gindin randa da ƙarƙashin pampo da inda tiyo ke zuba, dabarar duk ɗaya ce a kansu.

Abu biyu game da rayuwarshi da za su taimake ka. Na farko kowane ɗaya namiji ne kuma mace ne, kenan duk biyun da suka haɗu kowa na iya zuba ƙwai, shi ya sa suke yawa da sauri. Ƙwan farare ne kewayayyu a dunƙule cikin ƙasa mai laima ko ƙarƙashin tarin ciyawa, in kana kaftu ka tono su kar ka mayar, ka baza su a rana ko ka bar ma kaji. Na biyu in rani ya shigo ba mutuwa yake ba, shigewa yake cikin katantanwarshi ya liƙe bakin da wata farar fata ya yi barci har ruwa ya dawo. To wannan tarin bulo da tsoffin buhuna da ka jibge a kusurwar lambu tun bara, nan ne ɗakin kwananshi, ka kwashe su nesa da pepiniyar tun kafin ruwan fari.

Sai ban ruwa. Na san mu nan mun saba da yamma saboda zafi, kuma a watan Afrilu da Mayu ba wanda zai ce ka bari. Amma da damina da lokacin sanyi ka gwada mayar da shi safe, ƙasa ta sha ta kuma tsane kafin dare, don shi a kan danshi yake tafiya, in ka jiƙa fangali da magariba kamar ka share mai hanya ne. Wannan kaɗai ya rage mini ɓarna sosai ba tare da na kashe ko dala ba.

Pepiniyar kuwa in da hali ka ɗaga ta daga ƙasa, a tsohon tebur ko bisa bulo a cikin kwando ko rabin bido da aka huda ƙasanshi, kuma kar ganye ko ciyawa su taɓa gefen. Tsiro mai ganye biyu dare ɗaya ya ishe shi ya ƙare, amma salatin da ya yi sati uku da dashe ko an ci ganyen waje zai ci gaba da girma abinshi. Kar ka yi gaggawar dashe, bari iri ya yi ƙwari.

Yanzu kama su. Wallahi ba abin da ya kai hannu. Ka samu buhun algarara ka jiƙa shi ka shimfiɗa tsakanin fangalai da yamma, ko guntun katako, ko ɓawon kankana a kife, ko ganyen shu da ka ɓare, da safe ka ɗaga za ka same su sun taru a ƙasa sun laɓe, sai ka kwashe a bokiti. Ka sa leda a hannu ko safar roba, ka kuma wanke hannu da sabulu bayan ka gama. Kwana huɗu biyar a jere kana yi za ka ga adadin yana sauka. Turawa giya suke zubawa a gwangwani su binne, mu ba namu ba ne, amma abin da ke jan su ƙamshin yis ne, to yis ɗin burodi kaɗan da sukari cokali ɗaya cikin ruwa a gwangwanin tumatir yana yin aikin, ka binne shi ka bar bakin ya ɗan fito saman ƙasa don kar ƙwari masu amfani su faɗa.

To ka cika bokiti, ya za ka yi da su. Nan ne ake gardama. Akwai wani dattijo da lambunmu ke haɗe, Baba muke ce mai, wata safiya ya same ni ina shirin zuba su cikin wutar da na hura da kara, ya ce “ɗana, kar ka ƙona mai rai da wuta, in ka ga dole ne ka kashe to ka yi da sauri, in ba dole ba kai su can.” Ya kuma tuna mini hadisin nan cewa duk abin da musulmi ya shuka tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci, sadaka ce gare shi. Na ce “Baba ai iri suke cinye mini,” ya ce “irin ka tsare, amma ba duk ganyen da aka huda ne asara ba.” Tun ranar na canza. Waɗanda na kama kusa da pepiniyar agwagi nake ba, suna son su ƙwarai kuma ɓawon yana ƙara ma ƙwansu ƙarfi. Na can gindin zogale da mangwaro ba na taɓa su ma, don yawancin abincinsu ruɓaɓɓen ganye ne, suna taya ka mayar da shara taki. In kai ba ka son kisa sam, kai su ramin taki ko wani wuri mai inuwa da nisa, an gwada a Ingila an ga in bai kai mita 20 ba suna iya komowa. Kuma don Allah kar ka jefa su lambun maƙwabci.

Gishiri kam ina roƙonku ku bari. Na taɓa yi shekarun baya, na bi gefen fangalai biyu na barbaɗa, sun mutu kam, yana tsotse ruwan jikinsu ne suna kumfa suna narkewa a hankali, abin ba daɗin gani. Bayan sati biyu gefen ya yi fari kamar kanwa, salatin ya ƙanƙance bakin ganye ya ƙone, sai da damina ta wanke wurin kafin ya dawo daidai. Toka tana ɗan tare su muddin a bushe take, da ta jiƙe shi kenan, kuma in ka yawaita ta ita ma tana canza ƙasa. Ɓawon ƙwai da ake ta yaɗawa a waya, ƙungiyar masu lambu ta Ingila RHS ta gwada shi a kan salati tare da wasu shingaye irin su zaren tagulla, ba su ga ya rage ɓarna ba.

Sai magani, ƙwayoyin nan shuɗɗa da ake barbaɗawa. Mafi yawansu sinadarin metaldehid ne, guba ce ga kare da kaza da akuya da bushiya, ga yaro ƙarami ma da zai ɗauka ya sa baki don launin na jan ido. A Birtaniya an hana amfani da shi a fili tun Afrilun 2022, kuma a shekarar ce RHS ɗin ta ce ta daina lissafa waɗannan halittu cikin maɓarnata, don a cikin iri 44 na marasa katantanwa da ke ƙasarsu 9 ne kawai ke cin shukar lambu. Akwai wani mai sinadarin ƙarfe da fosfat da ya fi sauƙin haɗari in ka same shi. Abin da ba na so ko kaɗan shi ne maganin da ake ƙullawa a leda ba suna ba takarda a kasuwa, kar ka saya, in kana son shawara je wurin malaman gona ko ka tambaya a INRAN, cibiyar binciken aikin gona da ke Tarna kusa da Maradi. Kuma in ka sa magani kar ka ba agwagi dodon koɗin da suka mutu, kar kuma ka ba baƙinmu na kudu masu cin manyan dodon koɗi.

Ka bar masu taya ka aiki su zauna. Kwaɗo da bushiya da tsuntsaye duk suna cin su, yara na son jifan kwaɗo da kama bushiya, ka hana su a lambunka. Agwagi ka sake su bayan an cire amfani ko kafin dashe, in ka sake su cikin salati su ma za su ci.

Inda ba na sassauci shi ne ƙananan dodon koɗin cikin ruwa, waɗanda ke manne a ciyawar kanal da tafki da kududdufi, irin wuraren noman rani kamar Jiratawa da Madarunfa. Su ba ruwansu da ganyenka, amma a jikin wasunsu ne tsutsar tsargiya ke girma, ta fito cikin ruwa ta shiga ta fatar mutum, yaro ya fara fitsarin jini. Wasu kuma su ke ɗauke da tsutsar hanta ta tumaki da shanu. Ka riƙa cire ciyawar da ke cikin kanal ɗinka da basin, kar ka bar ruwa ya kwanta, in za ka daɗe tsaye cikin ruwa ka sa takalmin roba mai tsawo, ka hana yara wanka da fitsari a ciki. In ka ga jini a fitsarin yaro kai shi likita, akwai maganinta praziquantel, kuma in an zo rabon shi a lakwal kar ka hana ɗanka sha.

Salatin da ka ga alamar majinar a jiki ba sai ka zubar ba. Cire ganyen waje ka ba dabbobi, sauran ka ɓare ɗaya bayan ɗaya ka wanke da ruwa mai tsabta sau biyu ko uku kana duba gindin ganye don ƙanana na laɓewa a nan, sannan ka jiƙa shi a ruwan da aka ɗiga ma zabel kaɗan yadda ma'aikatan lafiya ke nunawa, ka sake ɗauraye shi kafin a yanka.