Yadda na sa otel ya cire kuɗin lemon da ban sha ba

Ranar fita, lissafi ya zo da kuɗin lemo biyu da cakulan daga ƙaramin firijin ɗaki, alhali ko ɗaya ban buɗe ba. Na zaci kuɗin jinginar da suke riƙewa a kati ne, sai na ga wancan daban yake. Ba kuskuren masu gyaran ɗaki ba ne kuma.

Ashe akwai na'ura a ƙarƙashin kowace kwalba. Idan aka ɗaga kwalba ta ɗan jima ba a mayar ba, kuɗinta na shiga lissafi kai tsaye. Ni kuwa na kawar da kayan ne don in ajiye magani.

Na nemi lissafi dalla-dalla mai nuna lokacin da kowane kuɗi ya shiga, sannan na roƙi a tura ma'aikaci ya ƙirga kayan tun ban miƙa makulli ba. Ya tarar da komai a rufe. Suka cire, na karɓi sabon rasit kafin a taɓa katina.

Ruwan kan tebur kam na biya, domin takardar farashi na rataye a wuyan kwalbar, ban duba ba. Alhamdu lillahi, na gode wa ma'aikaciyar da ta saurare ni.