Kurakuran da aka fi yi wajen sa sukuru a ƙashin baya lokacin tiyata da jagorancin kwamfuta

Na'urorin da ke nuna wa likitan tiyata hanyar sukuru a allon kwamfuta, irin su StealthStation na kamfanin Medtronic ko na kamfanin Brainlab, ba ƙashin suke gani ba. Kyamararsu na bin ƙwallaye masu sheƙi ne da ke jikin firam ɗin da aka ɗaure a ƙashin majiyyaci da jikin kayan aiki, sai ta ɗora su kan hoton CT da aka ɗauka da O-arm, na'urar ɗaukar hoton ƙashi a ɗakin tiyata. Shi ya sa matsala kan taso daga firam.

Idan an matse firam a tsinin ƙashin baya bai kama da kyau ba, gwiwar hannun mataimaki ko bututun tsotsar jini na iya gusar da shi, allo kuma ba zai nuna komai ba. Hoto zai ci gaba da kyau, alhali sukuru yana kan hanyar laka, jijiyar da ke cikin ƙashin baya. Maganinsa: a girgiza firam da hannu kafin ɗaukar hoto, kuma kafin kowane sukuru a ɗora tsinken gwaji a kan wani ƙashi da ido ke gani. Idan allo ya nuna tsinken yana shawagi a iska ko ya nutse cikin ƙashi, a tsaya, a sake ɗaukar hoto. Nisa daga firam ma na rage daidaito, don haka a aiki mai tsawo a matsar da firam bayan gaɓa biyu ko uku.

Kuskure na biyu shi ne motsa ƙashin bayan an ɗauki hoto. A buɗe wurin, a kafa ƙarafan riƙe tsoka tukuna, likitan sa barci ya tsayar da numfashi lokacin ɗauka, kada kuma a sake taɓa gadon. A huda hanyoyin sukuru kafin a yanke ƙashi don sassauta wa jijiya, domin yankan na sa gaɓoɓi su riƙa rawa. A wuya abin ya fi tsanani: danna kayan aiki da ƙarfi kaɗai na ture gaɓar, gara a yi amfani da injin huda mai sauri da hannu mara nauyi.

Ɗigon jini a kan ƙwallo ɗaya yana ɓata lissafi. A goge ko a sauya shi, a tabbatar ya zauna daram.

Tsakanin T4 da T6, wato gaɓoɓin ƙashin baya na huɗu zuwa na shida a sashen ƙirji, mashigar sukuru ba ta cika wuce milimita 5 ba, kuskuren milimita 2 a nan babba ne. A lalubi bangon ramin da tsinke mai kan ƙwallo, sannan a sake ɗaukar hoto kafin ɗinki, tun ana iya gyara sukurun da ya kauce.