Yadda Za A Zagaya Ganuwar Zazzau Da Ƙafa Tare Da Yara

Zagayen ganuwar birnin Zariya ya haura kilomita 14, kuma yaro ɗan shekara 12 zuwa 15 ba ya wuce kilomita 3 a awa ɗaya idan ana tsayawa kallo. Kada a ce sai an gama a rana guda. A raba tafiyar gida biyu, safiyar Asabar da ta Lahadi, a riƙa lissafi daga ƙofa zuwa ƙofa. Yaron da aka ce masa "saura ƙofa ɗaya mu huta" ya fi ƙwazo a kan wanda ake ta ce wa "mun kusa".

Lokacin hunturu ya fi dacewa, daga Nuwamba zuwa Janairu. Da damina ƙasar ganuwa santsi take yi, kududdufai sun cika, ciyawa ta rufe ramuka. A fita bayan sallar asuba, a fara daga Ƙofar Doka tunda abin hawa ba ya wuya a nan, a dakata kafin ƙarfe 11.

Kowane yaro ya rataya ruwansa lita 2, da dabino ko gyaɗa, da hula. Takalmi shi ne inda aka fi yin kuskure: sabo yana fitar da bororo a dunduniya tun kafin a yi nisa, silifas kuma ƙaya da fasasshiyar kwalba suna huda shi. A sa tsohon sau-ciki da safa. Babba ya riƙe filasta da man shafawa saboda tsagewar leɓe. Idan yaro ya fara ciwon kai da jiri, a zaunar da shi a inuwa, a dama sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali a ruwa lita 1, ya riƙa kurɓa.

Ganuwar ba a haɗe take ba yanzu. Wani wurin tudun jar ƙasa ne kawai, wani wurin gidaje sun hau kanta har ta ɓace. In ta ɓace muku, ku nemi dattijo a bakin zaure, babban yaro ya durƙusa ya gaishe shi: "Baba, ina kwana? Don Allah ta ina ganuwa ta bi?" Sau da yawa amsar takan zo da tarihin unguwar, wanda ya fi abin da za ku karanta musu. Su rubuta sunan kowace ƙofa da suka taka, Kuyambana, Gayan, Kona, Tukur-Tukur, da abin da aka faɗa musu a kanta da kan Sarauniya Amina.

Kada a bar su su hau ganuwar. Ƙasar tana zaizayewa a ƙarƙashin ƙafa, kuma macizai na fakewa a ramukanta.

A rana ta biyu a ƙare a cikin gari, a ƙofar fada. A nemi izini a nuna musu bakan gizo, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke riƙe da rufin tsohon Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, sannan a tare Keke Napep a koma gida.