Darasi na Tara: Mu Ƙirga Tafiyarmu

Kashi na ɗaya

Ku buɗe sabon shafi. Ku ja layi a tsakiya, daga sama har ƙasa. A hagu ku jera ranaku, Asabar zuwa Juma'a. Daga hagu boko yake farawa, ba daga dama ba kamar allo. A dama za ku riƙa rubuta mintin da kuka yi kuna tafiya a ƙasa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato minti 30 a rana, kwana 5. A 2022, mata 34 cikin 100 a duniya ba sa cika wannan adadi, maza kuwa 29. A 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun duba wayoyin mutane a ƙasashe 111, suka ga a nan Saudiyya mutum yana yin taku kusan 3,800 a yini, kuma mata ne a baya.

Mu da ke Makka mun san haka. Maigida yana zuwa masallaci sau biyar. Yaronmu mai tura tsofaffi a keke tsakanin Safa da Marwa, sa'ayi ɗaya kusan kilomita 3 ne, ga shi yana yi yana sakewa. Uwargida kuwa daga kicin sai falo. Inna mai sayar da kaya a titin Shara Mansur tana wuni a zaune gaban tirenta, gwiwa na ciwo. Alhaji mai mota da ofis shi ma bai tsira ba, kuɗi sun ɗauke masa ƙafa.

Kashi na biyu

Nan ne ake tuntuɓe, don haka a natsu. Wayoyinku da yawa da lambar Larabci suke nuna lokaci. Biyar ta Larabci zagaye ce, haka: ٥. Tana kama da sifilin boko, amma ba sifili ba ce. Biyar ce. Sifilin Larabci ɗigo ne, haka: ٠.

Zagaye, biyar. Ɗigo, sifili. Ku faɗa da baki sau uku.

Yanzu ku dubi wannan: ١٥. Ba goma ba ce, sha biyar ce. A littafi ku rubuta 15. Wannan fa: ١٥٠? Sanda ɗaya, zagaye biyar, ɗigo sifili, 150 ke nan. Kada ku share ɗigon da yatsa kuna zaton datti ne.

Hajiya, in kin kuskure ba komai, kowa da rarrafe ya fara. Ɗauki fensir ki sake. Idan kin fita bayan Asuba wayarki na nuna ٥:٥٠, ƙarfe biyar da minti hamsin ne. Rubuta 5:50 tun kafin ki sa takalmi. Zagaye, biyar.

Amma gaskiya ina da ƙorafi. Mako uku muna kan wannan zagayen, jiya na karɓi littattafai na tarar har yanzu wasu sun rubuta minti 20 a inda waya ta nuna ٢٥. Kun yi tafiyar, kun sha zafin, sannan ku cuci kanku minti biyar? Wasu ma jikoki suka rubuta musu, na gane hannun. Haba iyayena! Ba jikanki ne mai hawan jini ba. Zagaye, biyar. Ɗigo, sifili.

Kashi na uku

Ku fita bayan Asuba ko bayan Magariba, ba da tsakar rana ba. Ku riƙe ruwa. Mata ku haɗu ku biyu ko uku. Mai ciwon zuciya ya fara tambayar likita.

Kashi na huɗu

Ranar Juma'a ku tara mintin mako. Ku rubuta jimla a ƙasan shafi, ku kawo ranar Asabar.