Dabarar zama da rezo mai ɗaukewa a Yamai

Salamu alaikum ƴan uwa. Kukan rezo ya yi yawa, musamman idan kuran ya ɗauke da zafin rana. Eriya ma da wuta take aiki. Batirinta na ƙarewa, unguwa duka ta yi tsit. Wani lokacin kuma matsalar daga nesa take. Nijar ba ta da teku, intanet ɗinmu ta ƙasashe maƙwabta irin su Benin da Najeriya yake shigowa. A watan Maris 2024 da igiyoyin ƙarƙashin teku suka katse, Afirka ta Yamma ta ji jiki.

Ku riƙe layi biyu na kamfani daban-daban. Idan kira ya ƙi shiga, ku sauke wayar daga 4G zuwa 2G, sau da yawa yana wucewa, saƙon SMS kuma ya fi kowa naci. Ranar da rezo ke rawa kada ku sayi forfe na awa 24, lokacinsa zai cinye ba ku taɓa shi ba.

Abin da ya fi ciwo shi ne tura kuɗi. Kun danna, waya na ta juyi, saƙo bai zo ba: don Allah kada ku sake turawa! Ku duba ragowar kuɗinku tukuna, ku ɗauki hoton allon da lambar shaida, ku kai ajans. Idan an yi ta ja muku rai, ARCEP, hukumar kula da sadarwa, ita ake kai wa ƙorafi.