Darasi na Bakwai: Noman Naman Kaza a Kan Tattaka

Naman kazan da za mu koya a wannan babi shi ne mai faɗin kai kamar mafici, wanda yake fitowa a dunƙule. Shi ya fi sauƙi ga mai fara koyo. Ba ya bukatar gona, ba ya bukatar taki. Abincinsa tattaka, wato busasshen karan alkama ko na shinkafa da ya rage bayan sussuka. Kada a haɗa shi da laimar kwaɗin da ke tsirowa a jeji, domin a cikinta akwai mai kisa.

Irinsa ba ƙwaya ba ce kamar ta wake. Hatsi ne da farin zare ya lulluɓe, kamar yanar gizo. Wannan zaren shi ne abin da muke kiwo. Idan kun buɗe irin kuka ga kore ko baƙi, ko kuka ji tsami, ya lalace, kada ku zuba.

Mataki na ɗaya: yanka da gasawa

Ku zaɓi tattaka busasshiya, mai launin ruwan ɗorawa, wadda ba ta yi fumfuna ba. Ku yanka ta gutu-gutu, tsawon ɗan yatsa, santimita 5 zuwa 10. Ku cusa a buhu, ku nutsa buhun cikin ruwan zafi, ku danne da dutse. Zafin ruwan ya tsaya tsakanin digiri 65 da 80, har tsawon awa ɗaya. Wanda ba shi da ma'aunin zafi ya lura: ruwan yana tururi, hannu ba ya iya shiga, amma bai tafasa ba. Wannan gashin yana kashe fumfunar da za ta yi kishiya da irinku.

Mataki na biyu: tsanewa da hucewa

A nan ku natsu, 'yan uwa, domin a nan mafi yawan masu koyo suke tuntuɓe. Ku ciro buhun, ku rataye shi ruwan ya ɗige. Sannan ku wanke hannu da sabulu, ku shimfiɗa tattakar a kan leda mai tsabta ta huce. Ta huce sosai, ta sauko ƙasa da digiri 30. Ku cusa hannu tsakiyarta, ba samanta kawai ba. Idan da sauran ɗumi, ku jira. Zafi yana kashe iri.

Yanzu gwajin matsa. Ku damƙi tattaka cikin tafin hannu, ku matse da ƙarfi. Idan ruwa ya tsiyayo, ta jiƙe da yawa, ku ƙara baza ta. Idan ɗigo ɗaya ko biyu ne ya fito, ta yi. Idan hannun ko danshi bai yi ba, ta bushe.

Mu maimaita. Tsiyaya, a jira. Ɗigo ɗaya ko biyu, a ci gaba. Kada ku ji kunya ku gwada sau uku, sau huɗu, daga wurare dabam-dabam, domin ƙasan tarin ya fi samansa ruwa. Dalili kuwa, farin zaren nan yana numfashi. Ruwa idan ya kwanta a gindin leda ya toshe iska, tattakar ta yi tsami ta ruɓe, sai a ɗora wa mai sayar da iri laifi. Haba jama'a! Mutum ya sha wahalar yanka da hura wuta, sannan haƙurin 'yan awoyi ya gagare shi? Ku matsa ku gani kafin ku taɓa irin.

Mataki na uku: zuba iri

Kilo 1 na iri ya ishi kilo 10 na jiƙaƙƙiyar tattaka. Ku marmasa irin da hannu mai tsabta. A cikin leda mai haske, ku sa tattaka kaurin faɗin hannu, ku barbaɗa iri, ku ƙara tattaka, haka har ta cika. Ku danna ta zauna, ku ɗaure baki, ku huda ƙananan ramuka kewaye da ita, tazarar santimita 10. Kun dai yi gwajin matsa ko? Idan ba ku yi ba, ku koma.

Ku ajiye a inuwa, wuri mai digiri 20 zuwa 27. Cikin mako biyu zuwa uku leda za ta yi fari fat. Wadda ta yi kore a fitar da ita nesa, kada a buɗe ta kusa da sauran.

Mataki na huɗu: fitowa

Idan ta yi fari fat, ku kai ledar inda akwai haske da iska, ban da rana kai tsaye, ban da ɗakin kwana, domin ƙurar da naman kazan yake fitarwa tana sa tari. Ku fesa ruwa sau biyu ko uku a yini. Doguwar ƙafa da ƙaramin kai alamar ƙarancin iska ce.

Mataki na biyar: cira

Kwana 5 zuwa 7 bayan tsiro, kafin gefen kan ya miƙe, ku murɗe dunƙulen gaba ɗaya. Ku dafa kafin ci. Ku ci gaba da fesawa, zai sake fitowa bayan mako ɗaya ko biyu.