Darasi na 9: Lambar da ke jikin ƙwan lantarki

Kowa ya ɗauko ƙwan lantarkin da aka ce ya zo da shi daga gida. Ku juya shi a hankali. A wuyansa, ko a jikin kwalinsa, za ku ga lamba da harafin W a gefenta: 9W, 60W ko 100W. Wannan harafi shi ake kira wat, kuma yana nuna yawan cin wutar da kaya ke yi. Shi kuwa yunit, wanda kuke saya ku loda a mita, shi ne mudun da ake auna muku wutar da shi. Kayan da ke cin wat 1,000 in ya yi awa ɗaya a kunne, ya cinye yunit ɗaya.

Dalilin kawo wannan darasi ba ɓoyayye ba ne. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, tayar da janareta ya zama sai mai hali. A watan Afrilun 2024 kuma hukumar kula da harkar wutar lantarki ta Najeriya, NERC, ta ɗaga kuɗin yunit na rukunin A, wato masu samun wuta awa 20 a rana, zuwa naira 225. Mai shago a Sabon Gari da uwargida mai sayar da ƙanƙara a Tudun Wada duk sun ji a jikinsu.

To, mu yi lissafi tare. Tsohon ƙwai mai zafi, wanda in ka taɓa shi sai ka yarfe hannu, yana cin wat 60. In ya yi awa 10 a kunne, ya ci 600. A kwana 30 ya ci 18,000, wato yunit 18. Farin ƙwai na zamani da ake kira LED, mai wat 9, haskensa bai gaza na wancan ba, amma a wata guda bai kai yunit 3 ba. Bambancinsu yunit 15 ke nan. Mu ɗauka ana sayar muku da yunit naira 200: ƙwai ɗaya tak ya ajiye muku naira 3,000. Gidan da ke da zaure, tsakar gida da ɗaki biyu fa? Ku ninka da kanku. Wannan zafin da tsohon ƙwai ke fitarwa kuɗinku ne ke ƙonewa, kuma yana damuna in ga magidanci yana kukan mita alhali ƙwan zaurensa na ci har hantsi.

Amma ba ƙwai ne babban ɓarawo ba. Duk abin da aikinsa ɗumamawa ne, bakinsa babba ne. Dutsen guga na lantarki yakan kai wat 1,000, hitar dafa ruwa ma haka ko fiye. Fanka kuwa ba ta cika wuce wat 75 ba. Saboda haka a tara guga a yi shi gaba ɗaya, kada a riƙa jona dutse don hula ɗaya ko ɗankwali. Da sanyin hunturu, in an saka hita a bokiti a tsaya a kanta, ruwa na yin zafi a cire. Yara kuma a nisanta su da bokitin, don taɓa ruwan da hita ke ciki na iya kisa.

Yanzu faifan sola ya yawaita a kan rufin gidaje, daga Samaru har cikin birni, kuma Allah ya hore mana rana. Wanda zai saka, ya fara tara lambobin kayansa a takarda kafin ya je kasuwa, don ya san girman faifai da batirin da za su ɗauke shi. A kafa faifan yana ɗan kallon kudu, inda inuwar mangwaro ko katanga ba ta faɗa masa. Na taɓa hawa rufin wani maƙwabcina tela da ke ƙorafin batirinsa ba ya cika. Na ja yatsa a kan faifan, sai ga layi ya fito fes a cikin jar ƙura. Tsumma da ɗan ruwa kawai ya buƙata, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi. Lokacin hazo a riƙa gogewa a kai a kai. Kada a bar batir ya mutu murus, kada kuma a jona dutsen guga a ƙaramar inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin wadda kayan gida ke aiki da ita.

Aikin gida: ku zagaya gidanku ko shagonku, ku kwafi sunan kowane kayan wuta da lambarsa a littafi. Ku duba rasit ɗin wutar da kuka saya, ku nemo nawa aka ba ku yunit ɗaya. Wanda ba shi da mita ya yi lissafin da naira 200. Ranar darasi na gaba kowa zai karanto mana kayan da ya fi cin wuta a gidansa.